Shekara Talatin Ana Jiran Tashi Sama: Yadda Tsofaffin Mabiyan Maharishi Suka Sulale

A jihar Iowa ta ƙasar Amurka akwai wani ƙaramin gari mai suna Fairfield. Mutanensa ba su kai 10,000 ba, gonakin masara da na waken soya ne suka kewaye shi. A gefen garin akwai manyan gine-gine guda biyu masu rufi kamar an kife ƙwarya, launinsu ruwan zinariya, ɗaya na maza, ɗaya na mata. Tun farkon shekarun 1980 mutane suke shiga cikinsu safe da yamma, su zauna a kan katifun soso, su rufe ido. An gina su ne bisa alkawarin cewa idan masu zama a ciki suka kai wani adadi, yaƙi da aikata laifi za su ragu a duniya. A cikin garin nan kuwa akwai dattawa da yawa waɗanda suka baro garuruwansu suna samari da 'yan mata saboda wannan alkawari, suka yi aure a wurin, suka haifi 'ya'ya, yau kuma ba sa taka ƙofar ginin. Labarinsu muke so mu bi.

Sabon shiga ya zo ya leƙa ya tafi, wannan ba abin mamaki ba ne. Kowace ƙungiya ta san shi, mu ma a zumuntarmu mun san shi. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne mutumin da ya yi shekara goma sha biyar, ko ashirin, ko talatin, wanda ya koyar da wasu, wanda in ana neman mai aminci shi za a nuna da yatsa, sai a wayi gari ya daina zuwa, ba faɗa ba cacar baki. Da wuya a sami ƙungiyar zamani da ta bar mana rubutaccen tarihi a kan irin wannan tafiya kamar ƙungiyar Transcendental Meditation, wadda aka fi sani da TM. Akwai takardun kotu, akwai littattafan tsofaffin mabiya, akwai kuma lissafin da masana suka yi.

Wanda ya kafa ta mutumin Indiya ne, duniya ta san shi da Maharishi Mahesh Yogi. Ya yi karatun fiziks a jami'ar Allahabad, daga nan ya zama almajiri kuma magatakardan wani babban malamin addinin Hindu, Swami Brahmananda Saraswati, wanda mabiyansa suke kira Guru Dev. Malamin ya rasu a 1953. A 1955 Maharishi ya fara koyarwa, a ƙarshen 1957 kuma ya kafa ƙungiya a birnin Madras, sunanta yana nufin ƙungiyar sabunta ruhaniya. Mu riƙe wannan suna a ranmu, domin ba da daɗewa ba za a ture shi gefe. A 1959 ya isa Amurka.

Abin da ya kawo mai sauƙi ne ƙwarai. Mutum zai zauna a kujera, ya rufe ido na minti ashirin, sau biyu a rana, yana maimaita wani sauti a zuci, wanda ake kira mantara. Ba azumi, ba barin aiki, ba sauya sutura. Ko da yake kalmar bimbini ce ta fi kusa da abin, ya kamata mu bambanta. Idan mu muka ce bimbini, muna nufin mutum ya ɗauki Maganar Allah yana jujjuya ta a zuciyarsa, yana tauna ma'anarta. A TM kuwa, ana gaya wa mai koyo kada ya damu da ma'ana, sautin kawai zai bi har tunani ya kwanta kamar yadda laka take kwanciya a randa.

A watan Agusta 1967 mawaƙan nan huɗu na Ingila, Beatles, suka saurare shi a Landan, a watan Fabrairu 1968 kuma suka bi shi har makarantarsa a Rishikesh, bakin kogin Ganges. Ringo Starr ya koma gida bayan kamar kwana goma, Paul McCartney bayan kamar wata guda, John Lennon da George Harrison kuma suka fita a watan Afrilu cikin ɓacin rai saboda jita-jitar da ta yaɗu game da halin malamin da mata. Amma suna ya riga ya fita. Ɗaliban jami'o'in Amurka suka yi ta kwarara.

A nan ne ƙungiyar ta sauya riga. A 1970 wani mabiyi, Robert Keith Wallace, ya wallafa bincike a mujallar Science yana nuna yadda jiki yake samun hutu lokacin wannan bimbini. Daga nan aka rage maganar ruhaniya, aka koma maganar hawan jini, barci, da rage gajiya. Abin da malaman TM suke gaya wa kowa shi ne, wannan ba addini ba ne, dabara ce ta kimiyya, Kirista zai iya yi, Bayahude zai iya yi. A 1974 jami'ar ƙungiyar ta tare a Fairfield, a harabar kwalejin Parsons, tsohuwar makarantar da ikkilisiyar Presbyterian ta kafa, wadda bashi ya rufe a 1973. A 1975 Maharishi ya fito a shirin talabijin na Merv Griffin, hotonsa kuma ya hau bangon mujallar Time. A wannan shekara kaɗai kusan mutum 300,000 suka koya a Amurka, babba yana biyan dala 125. Masana biyu, William Bainbridge da Daniel Jackson, da suka bi lissafin, sun nuna cewa zuwa 1977 adadin ya faɗo zuwa kimanin 50,000.

Wannan faɗuwa ba ta dami mai bimbini a ɗakinsa ba. Waɗanda ta dama su ne dubban matasan da suka bar karatu ko aiki suka tafi Turai aka horar da su suka zama malaman TM, waɗanda abincinsu ya dogara ga sababbin masu koyo. Su ne zuciyar ƙungiyar, kuma su aka yi wa babban alkawari. Mai shigowa daga waje hutu aka yi masa alkawari. Na ciki kuwa an gaya masa akwai matakan wayewar ruhu, kuma mai naci zai kai matsayin da salama ba za ta ƙara barinsa ba, ko yana farke ko yana barci. Tsofaffin malamai da yawa sun shaida cewa har wa'adi aka ba su, shekara biyar zuwa takwas.

To, mu yi lissafi. Wanda ya fara a 1970, wa'adinsa ya cika ne tsakanin 1975 da 1978. Alkawari kaya ne, in ji Hausawa, kuma lokacin sauke wannan kaya ya zo daidai da lokacin da kasuwa ta mutu. A ganinmu, duk abin da ya biyo baya ya rataya a kan amsar da ƙungiyar ta bayar a wannan gaɓa. Tana iya cewa, mun yi gaggawar baki, abin da muke da shi hutu ne mai amfani, ba mu san ranar da wani zai waye ba. Ba ta faɗi haka ba. Ta kawo sabon alkawari wanda ya fi na farko girma.

Tsakanin 1976 da 1977 aka fito da sabon kwas mai suna TM-Sidhi, kuɗinsa dubban daloli. Aka ce wanda ya koya zai sami iko irin wanda tsofaffin littattafan yoga suka ambata, har da ɓacewa daga ganin mutane, da tashi sama. Aka buga hotunan samari sun harɗe ƙafafu suna rataye a iska. Abin da yake faruwa a zahiri shi ne mutum yana zaune a harɗe yana tsalle a kan katifa kamar kwaɗo, mai hoto kuma ya ɗauka daidai lokacin da ya rabu da ƙasa. Ƙungiyar ta bayyana cewa matakai uku ne, tsalle, sai shawagi a wuri ɗaya, sai tashi sosai. A 1986 aka nuna abin a fili gaban 'yan jarida a birnin Washington, tsalle aka gani. Har wa yau ba a taɓa nuna wani ya wuce matakin farko ba.

Wasu sun fita tun a lokacin, musamman masana da likitoci waɗanda maganar kimiyya ta jawo su, kunya ta kama su. Amma yawancin na ciki sun zauna, kuma kada mu yi musu dariya. Mutumin da ya riga ya ba da shekara takwas na ƙuruciyarsa, ya ɓata da iyayensa a kan abin, ya koyar da mutum ɗari biyu, in aka ce masa saura ƙiris, ga gajeriyar hanya, zai fi masa sauƙi ya nemo kuɗin kwas da ya juya ya ce shekarun nan sun tafi a banza. Kowane sabon biya kuma yana ƙara wa fita tsada.

Ana cikin haka sai ga shari'a. An shigar da koyarwar TM cikin wasu makarantun sakandare na gwamnati guda biyar a jihar New Jersey. Wasu iyaye, tare da wata ƙungiyar masu bi daga Berkeley mai suna Spiritual Counterfeits Project, suka kai ƙara. A 1977 kotun tarayya ta yanke cewa abin da ake koyarwa na addini ne, saboda haka ba shi da wuri a makarantar gwamnati, a 1979 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. Ana kiran shari'ar Malnak da Yogi. Abin da ya fi jan hankalin kotu shi ne bikin da ake yi kafin a ba mutum mantara. Mai koyo yakan zo da furanni, 'ya'yan itace da farin hankici, a shiga ɗaki inda aka ajiye hoton Guru Dev, a kunna kyandir da turare, malami ya rera waƙa cikin harshen Sanskrit. Mai koyo ba ya jin abin da ake faɗa. Da aka karanta fassarar a kotu, sai ga sunayen allolin Hindu da jerin malaman da suka shuɗe, da miƙa baiko da rusunawa.

Mu masu bi mukan tsaya a nan mu ce, ai ga shi, an ruɗi mutane sun shiga sujadar da ba su sani ba. Gaskiya ne, kuma iyayen da suka kai ƙara sun yi daidai. Amma mu dubi abin ta gefen malamin. Mai koyo bai san fassarar ba, malami ya sani, domin ya haddace ta a wurin horo. Mai koyo an gaya masa an zaɓo mantararsa domin shi musamman, kada ya faɗa wa kowa. Malami kuwa ya san cewa gajeren jeri ne aka ba shi, yana duba shekarun mutum ya ɗauko wadda ta dace. A 1984 mujallar Omni ta buga jerin guda goma sha shida da ta samu daga malaman da suka fita. Wato wanda ya fi daɗewa shi ya fi sanin tazarar da take tsakanin abin da ake faɗa a zaure da abin da yake cikin gida, kuma bakinsa ne ake amfani da shi a rufe tazarar. Mutum zai iya ɗaukar irin wannan nauyi shekara biyu yana ce wa kansa domin alherin mai koyo ne. Shekara ashirin kuwa, lamiri yakan gaji.

Sai alkawari na uku, wanda ya haifi Fairfield ta yau. Maharishi ya koyar da cewa idan kashi ɗaya cikin ɗari na mutanen gari suna TM, laifi zai ragu a garin. Da TM-Sidhi ya zo sai aka rage adadin. Aka ce a ɗauki kashi ɗaya cikin ɗari na jama'a, a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan adadi, to, in masu tsalle suka kai wannan lamba a wuri ɗaya, ya isa. Na duniya duka a lokacin ya kama kusan 7,000. A 1979 ya kira mabiyansa su tare a Fairfield. Ɗaruruwa suka sayar da abin da suke da shi suka zo, aka gina ƙwaryoyin zinariyan nan. A ƙarshen 1983 an tara kimanin mutum 7,000 a garin na makonni uku, cikin tsananin sanyi.

Ku lura da abin da ya sauya. Da farko mutum yana bimbini domin kansa. Yanzu zaman lafiyar duniya aka ɗora masa. Ana ƙirga kawunan da suka shiga ginin kowace safiya da yamma. In labari mai daɗi ya fito, to, albarkacin masu zama ne. In yaƙi ya ɓarke, adadi ne bai cika ba. Ta kowace fuska koyarwar ba ta faɗuwa, mabiyi ne yake faɗuwa. A 1993 aka kai kimanin mutum 4,000 birnin Washington na wata biyu domin a gwada abin a idon duniya. Kisan kai bai ragu ba a makonnin, amma masanin fiziks na ƙungiyar, John Hagelin, ya sanar cewa laifuffukan ta'adi sun yi ƙasa da yadda da za su kasance in ba a zo ba. A 1994 aka ba shi lambar Ig Nobel, wadda ake bayarwa domin barkwanci. Shi ne kuma ya tsaya takarar shugaban Amurka sau uku, a 1992, 1996 da 2000, a jam'iyyar da ƙungiyar ta kafa.

Haka abin yake a rayuwar mutum ɗaya. Idan mai bimbini ya ce yana jin daɗi, dabara ce take aiki. Idan ya ce yana fama da ciwon kai, fushi, rashin barci ko baƙin ciki, sai a ce masa tsohuwar gajiya ce take warwarewa, alama ce mai kyau, ya ci gaba. Yawan ƙorafi kuma ana ɗaukarsa alamar mutum bai tsarkaka ba, akwai ma laƙabin da ake yi wa wanda ya kauce, a ce ya sauka daga tsari. Saboda haka babu ƙofar da dattijo a cikin tafiyar zai bi ya ce, shekarata ashirin ke nan, abin da aka ce zai faru bai faru da ni ba, kuma a karɓi maganarsa a matsayin labari na gaskiya. Kowa yana zaune a katifarsa yana zaton na kusa da shi ya samu, shi kaɗai aka bari a baya. Tsofaffin mabiya da yawa sun ce sai bayan sun fita suka gano cewa rabin ɗakin tunani ɗaya suke yi.

Kaɗan ne suka fita da ƙara. Ɗaya daga cikinsu Robert Kropinski ne, tsohon malamin TM, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya a ciki. Ya kai ƙungiyar kotu bisa zargin yaudara, a 1987 aka yanke a biya shi kusan dala 138,000, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1988, daga baya aka sasanta a waje. Wasu manya kuma suka kama gabansu da nasu shagon. Sri Sri Ravi Shankar, wanda ya yi aiki tare da Maharishi, ya kafa Art of Living a 1981. Likita Deepak Chopra, wanda shi ne fuskar ƙungiyar a harkar magani, ya rabu da ita a 1993.

Yanzu maganar kuɗi. Daga shekarun 1980 kayan da ake bukata domin a kai ga wayewa suka yi ta ƙaruwa. Aka kawo magungunan gargajiyar Indiya masu tambarin Maharishi, aka kawo duban taurari, aka kawo hadayun da firistoci suke yi wa mutum a Indiya in ya biya. Aka kawo tsarin gini wanda ya ce dole ƙofar gida ta fuskanci gabas, gida mai ƙofa ta kudu kuwa yana jawo masifa. Mai hali ya gina sabon gida, marar hali ya ci gaba da kwana a gidan da aka gaya masa yana cutar da shi. A 2001 jami'ar ta rushe tsohuwar majami'ar Barhydt ta kwalejin Parsons, tare da wasu tsofaffin gine-gine, domin ba su dace da tsarin ba. Kuɗin koyon TM na farko, wanda yake dala 125 a 1975, ya kai dala 2,500 a farkon shekarun 2000. A shekara ta 2000 Maharishi ya kafa abin da ya kira ƙasar zaman lafiya ta duniya, ya naɗa wani likita ɗan Labanon, Tony Nader, sarkinta. Aka buɗe kwas na dala miliyan ɗaya, daga cikin masu biya kuma aka naɗa sarakuna masu fararen riguna da kambin zinariya.

Ku sa kanku a matsayin wadda ta bar jami'a a 1972, ta koyar da TM a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba, ta tare a Fairfield a 1980, ba ta da fansho, ba ta da gidan kanta. Tana kallo wanda ya zo jiya da kuɗi ya sa kambi ya zauna a gaba. A 2005 ma aka ce duk tsofaffin malamai sai sun sake wani horo kafin a bar su su ci gaba da koyarwa, da yawa kuma ba su koma ba. 'Yar jarida Claire Hoffman, wadda mahaifiyarta ta kawo ta Fairfield tana da shekara biyar, ta ba da labarin irin wannan rayuwa a littafinta Greetings from Utopia Park na 2016. Sun zauna a unguwar gidajen tirela ta marasa hali, uwar tana fama da kuɗin makaranta da na kwasa-kwasai, yarinyar kuma ta girma tana jin cewa manya suna tashi sama a cikin ginin zinariya, har ranar da ta gani da idonta. Gani ya kori ji. 'Ya'yan da aka haifa a ciki ba su da shekarun da suka zuba waɗanda za su kare, saboda haka sukan faɗi abin da suka gani, kuma tambayar ɗa a kan tabarmar cin abinci ta fi ta ɗan jarida shiga jiki.

Abin da ya tsinke igiyar ga mutane da yawa kuwa ƙaramin abu ne, katin shiga. Ba a shiga ginin zinariya sai da kati. Da shekaru suka tura, waɗanda suka gaji da jira suka fara leƙa wasu malaman Indiya masu zagayawa Amurka, irin su Mata Amritanandamayi, wadda aka sani da rungumar masu zuwa wurinta. Ƙungiyar ta mayar da martani da hana kati ga wanda aka san ya je wurin wani malami. A ƙaramin gari irin wannan, sanin wanda ya je yana nufin wani ya kai rahoto. Sai ga mutumin da ya ƙaura domin adadi ya cika, an tsayar da shi a ƙofa, alhali ana kukan adadi bai cika ba. Shi kuwa malamin da suka bi, tun 1990 yana zaune a Vlodrop ta ƙasar Holan, a harabar wani tsohon gidan 'yan zuhudu na Katolika, a shekarunsa na ƙarshe ta allon bidiyo yake magana da mutane. Ya rasu a can ranar 5 ga Fabrairu 2008.

Wata masaniyar zamantakewa, Helen Rose Ebaugh, wadda ita kanta ta taɓa zama sista a ɗarikar Katolika kafin ta fita, ta yi nazarin yadda mutane suke barin matsayin da ya zama musu suna. A littafinta na 1988 ta nuna cewa abin yakan fara da shakka ta ɓoye, sai mutum ya fara auna wasu hanyoyi, sai wani abu ya faru wanda ya zama mararraba, daga nan ya fara koyon zama tsohon ɗan ƙungiya. Abin da ya zama mararrabar sau da yawa bai taka kara ya karya ba. Mai kallo daga waje zai ce, a kan kati kawai ka bar tafiyar shekara talatin? Ruwa ba ya tsami banza. Katin ya zo ne a kan shakkar da ta yi shekara goma tana neman wanda zai saurare ta.

Adalci ya sa mu faɗi ɗaya gefen. Akwai waɗanda suka zauna har ƙarshe da farin ciki. Mai shirya fim David Lynch ya fara TM a 1973 bai daina ba har rasuwarsa a 2025, ya kuma kafa gidauniya a 2005 domin koyar da ita ga ɗalibai da tsofaffin sojoji. George Harrison ya koma ya shirya da Maharishi, McCartney da Ringo kuma suka yi waƙa a taron tara wa gidauniyar Lynch kuɗi a 2009. A 2013 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce ana iya duba TM a matsayin abin da zai ɗan taimaka wajen rage hawan jini. Tun 1975 ma likita Herbert Benson na Harvard ya nuna cewa zama shiru ana maimaita kowace kalma mai sauƙi yana kawo wa jiki irin wannan hutu, ba sai da biki ko biya ba. Ƙaramin alkawarin, wato hutu, an cika shi daidai gwargwado. Shi ya sa wanda ya karɓi ƙaramin kawai ba shi da dalilin fushi. Waɗanda suka tafi da ciwo a zuciya su ne waɗanda suka gaskata babban, wato mafi himma, mafi ba da kai, waɗanda suka ɗauki kowace kalma da gaske.

Da sauƙi mu rufe littafin mu ce sun fita ne domin koyarwar ba ta gaskiya ba ce. Tarihin bai ba mu wannan kwanciyar hankali ba. Akwai waɗanda suka fita suka karɓi bishara, har wasu suka rubuta shaidarsu, amma da yawa wurin wani malamin Indiya suka koma, ko kuma suka zauna ba su bin kowa. Abin da ya kore su, wato alkawari mai wa'adi, da rufe alkawarin da bai cika ba da wanda ya fi shi girma, da sa wa albarka farashi, da ɗora wa mai tambaya laifin rashin bangaskiya, ba kayan Indiya ba ne kaɗai. Duk wanda ya taɓa kwana a sujadar tsallake shekara inda aka sanar cewa bana kowa zai yi aure, kowa zai sami aiki kafin Ista, ya dawo baɗi aka sake sanarwa da ƙarin baiko na musamman ba tare da an waiwayi ta bara ba, ya san ƙamshin abin. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi. Kuma 'yar'uwar da ta yi shekara goma sha biyu a ƙungiyar mawaƙa ta koma zama a bencin baya, mai yiwuwa ba sanyin ruhu ba ne yake damunta.

Bayan rasuwar Maharishi, Tony Nader ya karɓi jagoranci. Aka rage kuɗin koyo, aka sassauta wasu dokokin kati, aka koma tallar hutu da lafiyar jiki kamar a 1975, maganar tashi sama kuma ta koma can ciki. Jami'ar tana nan, ɗalibanta da yawa 'yan ƙasashen waje ne da suka zo karatun kwamfuta. Tsofaffin da suka sulale kuwa, da yawansu ba su bar Fairfield ba. Abokansu suna nan, kaburburan wasu nasu suna nan, ba su da wani gida. Suna haɗuwa da masu kati a kasuwar manoma ranar Asabar, a gaisa, a tambayi jikoki. Da yamma ta yi, motoci su nufi gefen gari inda ƙwaryoyin zinariya suke, su kuma su koma gida. Wasunsu har yanzu sukan ja kujera a falo, su rufe ido na minti ashirin, da mantarar da aka raɗa musu a kunne tun suna da shekara ashirin da biyu.